Sati Uku Kafin Azumi

Ban taɓa mantawa da Talatar da Hajara ta shigo shagona na unguwar New Bell a Duwala ba tare da ta gaishe ni ba. A layinmu aka haife ta, mahaifinta abokin sahuna ne a masallaci, kuma tun tana ƙarama ba ta taɓa wuce ni ba sai ta rusuna. Ran nan ana gab da la'asar ta sauko daga bensikin, wato babur ɗin haya, da jakar ofis a kafaɗa. Ta tsaya a tsakanin jarkokin zuma ta ce, “Baba Alhaji, wuta ta shiga dajin tun jiya, kuma an tsare Papa Bikoy.” A lokacin saura sati uku da 'yan kwanaki a ga watan azumi.

Ku da kuka shigo sana'ar sayen kayan daji a bayana kun sha jin labarin nan gutsure-gutsure a wurin mai shayi, kowa da gishirin da ya ƙara masa. Gara ku ji shi daga bakin wanda ya yi kuskuren.

Na zo Duwala daga Garwa ina saurayi. Na yi dako a kasuwar Sandaga, na yi tallan goro a tire, daga nan na koma namijin goro da 'ya'yan itatuwan daji da ake sa wa miya, a ƙarshe zuma ta zama babbar hajata. Ban yi boko ba. Faransancina na kasuwa ne, da shi da Turancin buroka nake neman abinci. Abin da nake taƙama da shi guda ɗaya ne: idan mutum ya buɗe baki a kan ciniki, kafin ya rufe na san inda ya dosa.

Shekara bakwai kafin wannan Talata, Hajara ta fara aiki da wata ƙungiya mai kare daji. Babban daraktansu yana Yawunde, babban birnin ƙasar, ban taɓa ganinsa ba. A ƙarƙashinsa akwai Madam Solanj, 'yar Duwala ce, ita ce shugabar aikin da ake yi a cikin dajin. Hajara ita ke riƙe da ofishinsu na nan gari, takardu da motoci duk a hannunta suke. Dajin yana da tafiyar rabin yini daga nan, kuma a bakinsa akwai ƙauyen da ba zan kira sunansa ba.

Aikin Madam shi ne bin wani garke na manyan biran nan baƙaƙe da ake kira shampanze. Ita da masu bin sawu suna fita da asuba, su same su a inda suka kwana, su bi su daga nesa har yamma, suna rubuta abin da suka ci da wanda ya haihu da wanda ya mutu. Kafin ta dawo gida ta yi irin wannan aiki a wani tsibiri na Asiya, inda ake da jajayen birai masu suna orangutan. A can ta ga wuta ta yi makonni tana cin daji, shi ya sa ta fi tsoron ashana a kan bindigar maharbi.

Yarjejeniyar da suka yi da ƙauyen mai sauƙin ganewa ce. Mutanen za su daina farauta a ɓangaren da biran suke. Kowane rani kuma maza za su share layin wuta, wato hanya mai faɗin titin mota da ake sassabewa har ƙasa tsakanin gonaki da daji, yadda idan wuta ta taso daga gona za ta zo ta tarar babu abin ci. Gida-gida ake raba aikin, sarkin ƙauye ne ke riƙe da sunaye, akwai kuma kwamitin wuta da ke zagayawa. Ita ƙungiya za ta kawo musu mai sayen zuma har ƙofar gida a kan farashi mai kyau, don kada rashin farauta ya zama yunwa. Ni ne aka kawo.

Zumar wannan daji ba ta amya ba ce. A kogon manyan itatuwa take, can sama. Mai ɗiba yana hawa da damin ganye da garwashi a tsakiyarsa, ya yi wa ƙudan hayaƙi, ya yanko saƙar. Ƙungiya ta raba musu gwangwanayen hayaƙi masu murfi, amma tsofaffin suka ce mutumin da ke rataye da hannu ɗaya ba zai iya fama da zuga gwangwani ba. Madam ta ƙyale su da daminsu, tun da idan ƙasa a jiƙe take garwashin da ya faɗo mutuwa yake yi nan take. Babban gwaninsu shi ne Papa Bikoy, tsoho siriri mai ƙarancin magana, wanda ya haura saba'in amma yake hawan itace ya fi 'ya'yansa.

Ranar da za a sa hannu, a ofishin Hajara, Madam ta tambaye ni wane lokaci nake son a riƙa haɗa min zumar. Na ce sati uku kafin azumi. Duk mai wannan sana'a ya san dalili. A azumi ne ake neman zuma kamar magani, kuma sai an tace ta, ta kwanta, an ɗura a jarka, an sa a motar arewa ta isa Garwa da Marwa da Kano kafin a ga wata. Madam ta juya ta tambayi Hajara yaushe ne azumin. Hajara ta duba kalanda ta ce ƙarshen watan Mayu. Madam ta ce ya yi daidai, ruwa ya daɗe da zama a lokacin. Aka rubuta da Faransanci yadda na faɗa, muka sa hannu, aka kawo lemo.

Mu uku ne a ɗakin nan, biyu Musulmi. Ni da Hajara mun sani tun muna yara cewa azumi ba ya zama wuri ɗaya, kowace shekara sai ya matso da kwana goma ko sha ɗaya. Abu ne da muka sani sanin da ba ya bukatar faɗi, shi ya sa babu wanda ya faɗa.

Shekarun farko lafiya lau. Ina tura saƙo ta wayar mai kantin ƙauyen, don shi kaɗai ne yake da gidan da waya ke kamawa, su haɗa, in je in auna, in dawo. Azumi ya bar Mayu ya shiga Afrilu, ya bar Afrilu ya shiga Maris. Madam tana cikin daji da biranta, zancen zuma tsakanina da ƙauye ne. Hajara kuwa rasit kawai take gani, shi ma bayan an gama.

Shekara biyu kafin wutar, ina auna zumar Papa Bikoy ya ce da ni, “Alaji, bana ka zo da wuri.” Na yi dariya a zuciyata. Na ce tsoho ya fara koyon ciniki. Na ƙara masa kaɗan a kan kowace lita. Ya dube ni, ya karɓa. Shekarar da ta biyo ya ce min ƙasa ba ta jiƙe ba tukuna, da ƙyar suka samu ruwa ɗaya. Na ce na ji, Papa, na san aiki ya yi wuya, na sake ƙarawa. Na dawo Duwala ina ba abokaina labari cewa mutanen daji sun waye, yanzu sun iya neman ƙari ba tare da sun ambaci kuɗi ba.

A shekarar wutar na tura saƙo a tsakiyar Fabrairu. Ku da kuke nan kun san yadda Duwala take a wannan lokaci, kwata ta bushe, kwanon rufi yana ƙona kai. Bayan kwana biyu mai kanti ya kira ni ya ce Papa ya ce a jira ruwa ya sauka sau uku. A lokacin Alhaji Isiya yana zaune a kan benci a ƙofar shagona. Bakano ne, shi ne babban mai sayena, kowace shekara yana zuwa ya sauka a New Bell ya jira kaya. Ya ji abin da aka ce, ya ce idan ba zan iya ba in gaya masa tun da wuri, akwai masu kawo zumar Adamawa. Na ce wa mai kanti ya gaya wa Papa na ji, na ƙara, kuma duk wanda ya kawo tasa kafin Juma'a mai zuwa yana da tukuici na daban. Wannan shi ne saƙon. Ba a rubuce yake ba, ni da mai kanti da Alhaji Isiya kaɗai muka san kalmominsa.

To, mu koma ga Talatar. Hajara ta ce jami'an gandun daji na gwamnati, waɗanda su ba ma'aikatan ƙungiya ba ne kuma su ke da ikon kamu, sun tsare tsohon a ofishinsu na bakin hanya. Ran Alhamis za a yi taro a ƙauye, ran Juma'a a wuce da shi birni. Dokar sa wuta kusa da dajin da aka keɓe mai tsanani ce, kuma mutum mai shekarunsa idan ya shiga gidan yari ba lallai ne ya fito da ƙafarsa ba. Ta ce mota za ta tashi gobe bayan sallar asuba, akwai wuri idan zan je. Na ce zan duba.

Bayan magariba na samu Alhaji Isiya wurin mai shayi, na gaya masa. Ya ce, “Kai ka riƙe masa garwashin? Kai ka hau itacen? Alhaji, ka zauna a shagonka. Ciniki ka yi, ba laifi ba.” Ya ce mai kanti ba zai yi magana ba don yana cin kamasho a hannuna, shi kuma bai ji komai ba. Na yarda da shi, kuma na kwana a kan haka.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa tsoron Allah kaɗai ne ya tashe ni ba. Da na fito masallaci da asuba na tarar da motar a bakin layi, Hajara a tsaye da takarda a hannu. Ta ce ta kwana tana duba yarjejeniyar, ta ga inda abin ya fito. “Ni na rubuta sati uku kafin azumi, Baba Alhaji. Gobe zan faɗa musu, ko ka je ko ba ka je ba.” Na lissafa nan take. Idan ta faɗa, ita za a kora, sannan a zo kaina, kuma zan ci gaba da tsayawa kusa da mahaifinta sau biyar a rana. Na ce ta jira ni in ɗauko hula.

Mun bar kwalta wajen hantsi, muka shiga jar ƙasa, daga ƙarshe muka bar motar muka hau babura. Tun kafin mu ga ƙauyen muka fara jin ƙaurin. Ni ɗan arewa ne, na san wutar daji mai tashi ta fi mutum tsayi, ta wuce cikin awa ɗaya, ciyawa ta sake tsirowa. Ta wannan daji ba haka take ba. Ba ta wuce gwiwa, rarrafe take yi a cikin busasshen ganye, sai hayaƙi mai nauyi. Idan ka ɗaga kai za ka ga itatuwa kore shar kamar babu abin da ya faru. Sai ka sunkuya ka taɓa gindinsu, ɓawon ya ɓare a hannunka. Ba su saba da wuta ba, fatarsu ba ta da kauri. A tsaye suke mutuwa, cikin watanni.

Kwana biyu mutanen ƙauyen suka yi suna faɗa da ita, maza da adduna da ɗanyun rassa, mata suna jigilar ruwa daga rafi a kai. Da muka isa ta mutu, sai kututtura da ke hayaƙi nan da can. Mutane na zaune a ƙofar gidaje, idanu jajur, babu mai ƙarfin gaisuwa mai tsawo.

Madam Solanj ta zo ta same mu, takalmanta sun narke a gefe. Ba ta san zancen saƙona ba, a ganinta ni ma an cuce ni ne. Ta ce in zo ta nuna min. Muka bi layin wutar, shararre tas, gona ƙonanniya a hagu, daji lafiyayye a dama. Muna cikin tafiya sai layin ya ƙare, kamar an yanke shi da wuƙa. Daga nan zuwa rafi ba a share ba. Ta ce gidaje biyar ne ke da wannan yanki a wannan sati, kuma mazansu duka sun ajiye aikin sun tafi neman zuma. Itacen da Papa ya hau yana cikin wata tsohuwar gona da ta yi saura. Garwashi ya faɗo da tsakar rana, iska ta ɗauke shi, wutar ta cinye tsohuwar gonar da gonakin koko biyu, ta zo ta sami ƙofa a buɗe.

Ta kai ni ƙarƙashin wasu manyan itatuwa ta nuna min sheƙoƙin da biran suke yi da rassa su kwana. Babu ko ɗaya a ciki. Masu bin sawu sun ga alamarsu a bakin kogi, sun ƙetare zuwa ɓangaren da babu yarjejeniya da kowa, inda maharba ke shiga yadda suka ga dama. Ta ce shekara shida ta yi kafin tsohuwar garken ta yarda ta ci abinci tana kallonta, kuma abin da ya fi damunta shi ne ta koya musu kada su ji tsoron mutum. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta gaji, kuma gobe ba za ta roƙa wa Papa Bikoy komai ba, don shi ya fi kowa sanin ƙasa a bushe take.

Da yamma na roƙi jami'an su bar ni in gan shi. Yana zaune a kan benci a barandar ofishinsu, hannunsa na dama a naɗe da tsumma. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya. Na tambaye shi me ya sa ya hau bayan shi ne ya ce a jira. Ya ce da saƙon tukuici ya zo, samari suka ce za su hau ko da shi ko babu shi, kuma yawancinsu ba su iya ɗaure dami ba. Ya ga gara shi ya hau itacen da ya fi haɗari. Sai ga shi daga hannunsa ta faɗo.

Na tambaye shi ko ya gaya wa jami'an zancen saƙona. Ya ce a'a.

“Me ya sa, Papa?”

“In na ce kai ne, za su kore ka. To wa zai sayi zumarmu?”

Na zauna kusa da shi na ɗan lokaci. Sai na tambaye shi ko ya ci abinci.

Taron Alhamis a rumfar sarki aka yi shi, aka fara da hantsi. Irin wannan taro yana da tsari. Sarki ne ke buɗewa, sai babban jami'in gandun daji ya karanta abin da ya rubuta, sai ƙungiya, sai kwamitin wuta, sannan wanda aka ba izini. Jami'in ya karanta nasa, sunan Papa kaɗai ne a ciki. Madam ta ce za ta rubuta wa Yawunde cewa ƙauyen ya karya alkawari. 'Yan kwamiti suka yi ta tura wa juna laifi. Na ga Hajara tana gyara takardarta za ta miƙe, sai na riga ta.

Na yi magana da buroka don mutanen ƙauye su ji, na ce Hajara ta mayar da Faransanci saboda rubutun jami'i. Na sa ta karanta layin da ke yarjejeniya. Na tambayi Madam a wane wata azumi yake shekarar da muka sa hannu. Ta ce Mayu. Na tambaye ta bana fa. Ta ce ta san sallar maƙwabtanta tana matsowa kowace shekara, har ana kawo mata nama, amma ba ta taɓa haɗa wannan da zuma ba.

Sai na faɗi sauran. Na ce sau uku tsohon nan ya gaya min ƙasa a bushe take, sau uku na ɗauka kuɗi yake nema. Na maimaita saƙon tukuici kalma bayan kalma, na kira mai kanti ya tabbatar, ya tabbatar yana kallon ƙasa. Na ce maza biyar ɗin da suka bar layin wuta ba lalaci ya ɗauke su ba, ni na saye su daga kan aikin ba tare da na san me nake saye ba.

Jami'in ya ce doka ta san hannun da ya riƙe wuta ne kawai. Na ce, “Ranka ya daɗe, hannun nan ya ce a jira. Ni na ce kada a jira. Ka rubuta sunana a saman nasa.”

Kada ku zaci an tafa min. Wata mata da gonar kokonta ta ƙone ta miƙe ta wanke ni tas da yarensu, ban nemi a fassara ba. Samari suka fara gunaguni cewa na zo na toshe musu kasuwa da bakina. Aka yi ta ja har bayan la'asar, ni dai na fita na yi sallolina a bayan rumfa na dawo na tarar ana nan. A ƙarshe jami'in ya ce tun da akwai takarda da ta ba da wannan lokaci, kuma ƙungiya ta sa hannu a kanta, maganar ta wuce ta tsoho ɗaya. Madam ta ce ta janye abin da ta faɗa, laifin da nata a ciki. Aka damƙa Papa a hannun sarki, da sharaɗin ƙauye ya gama layin wutar cikin sati. Ni kuma aka ɗauki bayanina.

Papa bai gode min ba. Da zai wuce gida ya tsaya a gabana ya ce, “Alaji, yanzu ka ji?” Na ce na ji.

Abin da ya biyo baya gajiya ce kawai. Sau uku na je birni amsa tambayoyi, kowane zuwa yini guda a kan benci. Aka ci ni tara, na biya, na kuma sayi dashen koko na aika wa masu gonakin nan biyu, ko da yake koko sai ya shekara huɗu kafin ya ba da wani abu. Yawunde ta dakatar da ni. Hajara ta sami takardar gargaɗi amma ta tsira da aikinta. Alhaji Isiya ya koma wa masu zumar Adamawa tun a wannan satin, kuma har yau idan ya zo gari ya gan ni yakan ce, “Ina kwana, Alhaji mai gaskiya, ya kasuwar gaskiya?” Ina amsa masa da cewa da godiya.

Bayan shekara suka sake kirana. Ba don sun yafe ba ne, sun nemi wani mai sayen da zai bi wannan hanya a kan wannan farashi ba su samu ba. Aka sake takarda. Yanzu babu sunan wata a ciki, nasu ko namu. An rubuta cewa ba a ɗiban zuma sai ruwa ya sauka sau uku, an gama layin wuta, kuma Papa Bikoy ya ce ƙasa ta jiƙe. Ina saye da damina, in ajiye a ɗakin bayan shago wata goma ina jiran azumi. Duk wanda ya san raɓar New Bell da tururuwanta ya san abin da nake sha. Ƙafafun katakon da nake jera jarkoki a kai a cikin gwangwanin kananzir, murfi a kan murfi, ga masu saye suna taɓe baki wai ta bara ce. Na lissafa, azumi zai ɗauki shekaru yana tafiya cikin rani kafin ya sake faɗawa ruwa. Wataƙila ni zan gani, wataƙila wani.

Biran kuwa, wasu sun dawo a shekara ta biyu. Ba a sake ganin tsohuwar garken ba. Manyan itatuwan da na taɓa gindinsu sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma busasshen itacen da suka bari ya sa wannan yanki ya fi ko'ina haɗari, dole yanzu ake share layi biyu a wurin. Madam tana nan. Muna gaisawa da mutunci, ba mu cika zance ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mu 'yan kasuwa mun horar da kunnenmu ya ji farashi a cikin kowace magana, kuma sau da yawa muna daidai, da haka muka ci abinci. Amma wanda yake zaune da daji wani lokaci idan ya ce ƙasa ba ta jiƙe ba, ƙasar yake nufi. Idan kuka je sayen kaya a wurin mutanen da ba da kalandarku suke rayuwa ba, ku tambaye su da me suke ƙirga lokaci kafin ku sa musu rana. Kuma idan kuka ƙara kuɗi mutum ya karɓa bai yi murmushi ba, kada ku tashi, ku sake tambayarsa abin da ya ce.

Bana ruwa ya sauka a Duwala sau uku cikin sati ɗaya, har kwata ta cika ta shigo min shago. Jarkokina duk babu komai, masu saye suna ta kira. Na buga wa mai kanti, aka kira Papa. Na ce masa ruwa uku ya cika. Ya ce na Duwala ba nasu ba ne, su biyu suka samu, na biyun ma bai ratsa ganye ba.

Ban ƙara masa ko dala ba. Na ce to, Papa, in ya sauka ka sa a kira ni. Na ajiye wayar, na ɗauki tsintsiya na ci gaba da kore ruwa.